Fari Daga Allah Ne, Makullin Madatsa Kuwa Yana Hannun Mutum

Kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi sunansa Gulbin Kaba, amma a yau kabar ta fi gulbin bayyana. In aka tambayi dattawan Kanambakashe ko na Sarkin Hausa ina ruwan ya tafi, amsa guda ce ke fitowa: sama ta canza, haka Allah ya so. Babu mai ja da ikon Allah. Sai dai wannan amsa, duk da gaskiyar da ke cikinta, ta zama mayafin da hukumomin ƙasashe biyu suka daɗe suna lulluɓa da shi. Ruwan da ke cikin gajimare ba mai iko da shi sai Mahalicci. Wanda ya riga ya sauka kuwa, aka tare shi da bango, aka yi masa ƙofa, aka damƙa makullin a hannun wani ma'aikaci, ya shiga sha'anin mutane, kuma sha'anin mutane ana bin bahasinsa.

Gulbin Kaba ɗan ƙasa biyu ne. Asalinsa ƙoramun ƙasar Katsina, cikinsu har da Tagwai, waɗanda ke gangarowa arewa su ƙetare iyaka su shiga Nijar ta ƙasar Gazawa. Daga nan kwarin ya bi ta ƙasar Tasawa, ya kai Mayahi, ya lanƙwasa yamma, daga bisani ya koma Najeriya ya tarar da Rima. Ɗan'uwansa Gulbin Maraɗi ma haka tafiyarsa take: a Katsina sunansa Gada, ya shigo ta ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake ƙetarawa. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908 ta yanka kwarurukan nan biyu kamar yadda ta yanka zuriyar Katsina da ta Gobir. Kai ya faɗa hannun wata gwamnati, ciki ya faɗa hannun wata.

Yadda ake sarrafa madatsa

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda ake tafiyar da madatsar ruwa, domin a cikin tafiyarwar ne haƙƙi ke tabbata ko ya salwanta. Madatsa bango ce ta ƙasa ko ta siminti da ake gitta wa kogi, ruwa ya taru a bayanta ya zama tabki. Tabkin yana da hawa uku. Na can ƙasa mataccen ruwa ne, ba ya fita, a nan laka ke kwanciya. Na tsakiya shi ne ruwan aiki, wanda ake ja a ba birni da gonaki. Na sama gurbi ne da ake bari saboda ambaliya. Mafita kuma iri biyu ce: akwai ƙofofi da bututai da ake buɗewa da hannu ko da inji, akwai kuma mazuba ta sama inda ruwa ke tsallakewa in tabki ya cika ya tumbatsa.

Ana sarrafa madatsa ne bisa jadawali: a wata kaza ruwa ya kai tsayi kaza, a rana kaza a buɗe ƙofa gwargwado kaza. A ƙasashen Sahel, inda damana ba ta wuce wata huɗu, tunanin mai kula da madatsa a bayyane yake. Daga ruwan farko har malka, burinsa ya cika tabki, don haka ƙofa a rufe take. Da rani ya kama, sai ya buɗe wa magudanan ban-ruwa da famfunan birni. Jadawalin nan shi ne ainihin takardar rabo. Wanda aka rubuta sunansa a ciki yana da kaso. Wanda ba a rubuta ba, kasonsa shi ne abin da ya zube bayan kowa ya ƙoshi.

Abin da wannan tsari ke haifarwa ga mutanen ƙasa-ƙasa, wato waɗanda kogi ke iskewa bayan ya wuce madatsa, abu huɗu ne. Na farko, ruwan fari na shekara, wanda ke jiƙa yashi ya share wa na baya hanya, ba ya isowa a kan lokaci. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, tabki yana iya ƙin cika, ke nan shekarar da za ta zo da ɗan kaɗan sai ta zo da babu. Na biyu, lakar da ke takin fadama kyauta tana kwanciya a gindin tabki, inda ba ta amfanar kowa, tana ma rage masa ciki. Na uku, rana da iska suna shan kasonsu: a wannan yanki, buɗaɗɗen ruwa yana asarar kusan mita 2 na zurfinsa a shekara. Na huɗu shi ne mafi ɗaci. A shekarar malka mai ƙarfi, in tabki ya cika bango ya shiga haɗari, sai a saki ruwa gaba ɗaya, ya auka wa mutanen da suka saba da busasshen kwari har suka yi gini da shuka a cikinsa. Mutanen gefen Rima sun ga haka a watan Satumban 2010, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo ya shafe ƙauyuka da gonaki a jihar Sakkwato. Na ƙasa ba ya samu ranar da yake so, ranar da ba ya so kuma a ba shi fiye da ƙima.

Dukiyar da ke ƙarƙashin yashi

Gulbin Kaba bai taɓa zama kogi mai gudu shekara zagaye ba. Damana ke raya shi, ƙarfinsa kuma yana raguwa gwargwadon yadda ya nausa arewa. Amma wanda ya auna darajar gulbi da ruwan da ido ke gani kaɗai bai san gulbi ba. Dukiyarsa tana ƙarƙashin yashi. Duk lokacin da ruwa ya malala a kwari, wani kaso yana tsotsewa ƙasa ya ƙara wa ruwan rijiya. Daga wannan rumbu ne goruba ke sha, gawo ke sha, garkar tumatir da albasa ke sha, shanun Fulani da raƙuman Buzaye ke sha a hanyarsu ta hawa da sauka. Matan da ke yankar kaba suna saƙa tabarma da igiya da faifai, suna kai su kasuwar Mayahi, da ruwan nan suke ciniki ko da ba su taɓa ganinsa ba.

In rumbun ya ja baya, ba kowa ne ke jin zafin daidai ba. Rijiyar da ake ja da guga ta ƙara gaba, mai jigo ya haƙura, mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa inji. Ruwan da a da na duk mai igiya ne ya koma na mai kuɗin man fetur. Saurayin da gonar fadama ta kasa riƙewa ya ɗauki hanyar Agadas ko ta Kano. Makiyayi da manomi su taru a bakin rijiya guda, abin da ba a so ya auku, a kai ƙara gun sarki, a yi ta neman mai laifi tsakanin talakawa biyu, alhali ƙullin maganar yana can nesa da su.

A kan kogin Tagwai akwai madatsar Ajiwa, a ƙaramar hukumar Batagarawa, wadda aka buɗe a 1975, ita ce kuma ta daɗe tana shayar da birnin Katsina. A kan Gada akwai madatsar Jibiya, da aka kammala a 1989, mai ɗaukar ruwa mita-kubik miliyan 142, wadda aka tsara don ban-ruwan kimanin ekta 3,500, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Mita-kubik ɗaya lita 1,000 ce, wato tano biyar. Jibiya tana bakin iyaka, ƴan kilomitoci kaɗan ke tsakaninta da ƙasar Madarumfa. Gandun noman rani na Jiratawa, wanda ONAHA ke kula da shi, da injuna yake jawo ruwa daga ƙarƙashin kwarin Gulbin Maraɗi, wato daga rumbun da ruwan Gada ke cikawa. Hannun da ke murɗa ƙofa a Jibiya yana taɓa tukunyar manomin Jiratawa, kamar yadda abin da aka tare a kan Tagwai ke taɓa rijiyar Gazawa da abin da ke bayanta.

Uzurin da ake kawowa

Masu kare shirun hukuma suna da hujjoji uku, kuma babu wadda za a yi wa dariya. Suna cewa fari ne: na 1973 da na 1984, wanda mutanen Nijar suka raɗa wa suna El Buhari, sun karya gulabe har da waɗanda ba a taɓa datsewa ba. Suna cewa jama'a ta ninka, an sare daji, an nome gangare, yashi ya cike hanya. Suna cewa Katsina birni ne mai ɗimbin jama'a, ba za a ce ya kwana da ƙishirwa don goruba ta sha ba.

Duka ukun gaskiya ne, amma babu wanda ya wanke kowa. In dalilan sun cakuɗe, magani shi ne awo: nawa sama ta bayar, nawa tabki ya riƙe, nawa ya ƙetare iyaka, wata bayan wata, a kuma baje lissafin inda kowa zai gani. Wanda ke riƙe da littafin awo bai buɗe shi ba, ba shi da bakin cewa fari ne kaɗai. Batun ƙarancin ruwa kuma, ai a shekarar yunwa ne rabon tuwo ke buƙatar adalci. Ranar da rumbu ya cika, ba a neman alƙali. Game da ƙishirwar Katsina, babu mai hankalin da ya ce a rushe Ajiwa ko Jibiya. Abin da ake nema shi ne a sa sunan Gazawa da Tasawa da Mayahi a cikin jadawali.

Akwai kuma wani ɓangare da ya cancanci tsawa, wato masu ihun cewa Najeriya ta sace ruwan Nijar. Wannan magana tana da daɗin faɗi a mahawarar shayi, amma wanda ya ɗauke ta zuwa teburin shawara zai dawo da kunya. A kwarin Magiya, Nijar ce a sama. Madatsun Mozage da Zango, da ke ciyar da gandun noman rani na Birnin Ƙonni, suna tare ruwan da a da ke gangarawa tabkin Kalmalo a ƙasar Illela, kuma mutanen can sun daɗe suna kuka irin na mutanen Gulbin Kaba. A kan kogin Isa, wato Kwara, madatsar Kandaji da aka aza wa harsashi a 2008 tana sama da Kainji, wadda Najeriya ta kammala a 1968. Ita ma Najeriya ta san ɗacin zama a ƙasa, domin a 2012 da 2022 ta koka da ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Kowace ƙasa ta sama ce a wani kogi, ta ƙasa ce a wani. Talakan Najeriya ma bai tsira ba: a 1980 jami'an tsaro sun buɗe wuta a kan manoman Bakolori da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Rabuwar gaskiya tana tsakanin waɗanda ake shawara da su da waɗanda ake yanke wa hukunci a bayan idonsu, kuma manomin Illela da na Kanambakashe a layi guda suke.

Haƙƙin da ke barci a cikin akwati

Abin takaici shi ne, haƙƙin nan a rubuce yake. Tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Ran 18 ga Yuli, 1990, zamanin Ali Saibu da Ibrahim Babangida, aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwa bisa adalci. Ta ambaci kwaruruka huɗu da sunayensu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai kuma ƙasan Komadugu Yobe. Na ukun nan shi ne kan Gulbin Kaba. Yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa kaso na adalci. Ta wajabta tattara bayanai da musayarsu. Ta ce a sanar, a yi shawara, kafin a fara aikin da zai taɓa ruwan maƙwabci. Ta haɗa da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta kuma tanadi kwamitin ƙwararru na dindindin. Cikin ma'aunanta akwai amfanin da ake yi da ruwan tun da farko da kuma dogaron da mazauna wurin suka yi a kansa. In wani ya ce Ajiwa da Jibiya sun girmi yarjejeniyar, sai a tuna masa cewa garkar fadama da mashayar dabbobi sun girmi Ajiwa da Jibiya da ɗaruruwan shekaru.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a kansu, wadda Najeriya ta shiga a 2010, Nijar a 2013, ta kuma fara aiki a 2014. Akwai kundin ruwa na ƙasashen kogin Isa da aka sa wa hannu a Yamai a 2008. A cikin gida, dokar ruwa ta Nijar ta 1 ga Afrilu, 2010, ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Kafin duk waɗannan, malaman zaure sun san hukuncin da aka ruwaito a Muwaɗɗa ta Imamu Malik game da ruwan kwarurukan Madina: mai gonar sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Fiƙihun da ake karantawa a Katsina shi ake karantawa a Tasawa. An ba na sama damar fara sha, an kuma yanka masa iyaka.

To, ina amfanin baɗi ba rai? Takardun nan da Faransanci da Ingilishi aka rubuta su, harsunan da mafi yawan masu haƙƙin ba sa karantawa. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da shi da babu duk ɗaya ne. Laifin wannan bai tsaya a Abuja ba. Yamai ce ta sa hannu da sunan mutanen Mayahi, ita ce kuma ya kamata ta zo ta gaya musu abin da ta karɓo musu, da abin da ta bari.

Shekarar 2023 ta koyar da darasin da bai kamata a manta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, har sai da aka ɗage takunkumi a 2024. Layin wutar da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa, ta Gazawa yake shigowa, ta ƙasar da gulbi ke shigowa. Wuta tana da ma'auni da kwantiragi da lissafin wata, amma duk da haka siyasa ta kashe ta dare ɗaya. Ina ga ruwan da ya dogara ga alheri kawai? A watan Afrilun 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai, sun yi magana kan farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Jibiya, ya samu masu yi masa kirari. Gulbi yana jiran nasa.

Abin da ya kamata a nema

Buƙatun ba su da yawa, ba su kuma fi ƙarfin kowa ba. A kafa ma'aunin ruwa na haɗin gwiwa a inda kowane gulbi ke ƙetare iyaka, ma'aikatan ɓangarorin biyu su karanta shi tare, a faɗi sakamakon a gidajen rediyo da Hausa. A fitar da jadawalin Jibiya da Ajiwa, da na Mozage da Zango, kafin kowace damana. A keɓe wani kaso na ruwan malka a sake shi da gangan don ya jiƙa kwari ya cika rijiyoyi, a kuma tanadi yadda za a raba ragi a shekarar fari. A yi gargaɗi da wuri kafin a buɗe ƙofa. A ba manoma da makiyaya da matan kaba kujera a inda ake yanke shawara. Wannan ba mafarki ba ne: a kogin Senegal, ƙasashen da suka kafa ƙungiyar OMVS a 1972 sun mallaki madatsun Manantali da Jama tare, an kuma sha sakin ruwa daga Manantali da gangan domin manoman fadama.

Gwamnati ba ta motsi sai an motsa ta, a nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ya shigo. Fassara yarjejeniyar Maiduguri zuwa Hausa, da boko da ajami, aikin ƴan makonni ne ga ƙungiya guda mai niyya. Kowace makaranta da ke gefen kwari tana iya auna zurfin rijiyar garinsu da igiya mai ƙulli a farkon kowane wata, ta rubuta a littafi. Cikin shekara biyar, daga Gazawa zuwa Mayahi, za a samu shaidar da babu ofishin da zai iya musantawa, yara kuma sun koyi lissafi da labarin ƙasa a kan abin da ya shafe su. A zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta sunayen fadamun da suka bushe, da abin da ake nomawa a cikinsu, da shekarar da ruwa ya daina isa. Masarautun Katsina da Daura da Maraɗi da Tasawa da Gobir zumuncinsu ya girmi iyaka, kuma saƙon da ke kwana wata shida tsakanin ma'aikatu yana iya isa cikin yini guda tsakanin fada da fada.

Haƙuri da ƙaddara ibada ce, amma yin shiru a kan abin da hannun mutum ya ƙulla sakaci ne. Duk wakili ko magajin gari ko gwamna da ya zo Tasawa ko Mayahi neman goyon baya, ya kamata ya tarar da tambayoyi uku suna jiransa a bakin zaure: nawa ne kason wannan kwari a ruwan Tagwai, wa ya auna shi, kuma a wane wata ake sakinsa?